Mai Batir Ko Otomatik: Yadda Za Ka Zaɓi Agogon Alfarma Na Ɗaurawa Kullum

Agogon otomatik mai ɗan karen tsada ba ya kai agogon batir mai araha riƙe lokaci daidai. Wannan ita ce maganar da ya kamata mai saye ya fara haɗiyewa kafin ya ciro kuɗinsa, domin yawancin nadamar da ake yi bayan saye daga nan take tasowa. Mutum zai zuba dukiya yana zaton tsada ita ce daidaito, bayan wata guda ya tarar agogon ya yi gaba da minti biyu, sai ransa ya ɓaci, ya ɗauka an cuce shi. Ba a cuce shi ba, haka injin yake. Abin da ake biya wa kuɗi a otomatik daban, na mai batir daban, kuma wanda zai dace da kai ya dogara ne kan yadda ranakunka suke tafiya, ba kan sunan da ke fuskar agogon ba.

Mataki na farko: ka san abin da ke motsa kowannensu

A cikin agogon da aka rubuta wa Quartz akwai batir da wani ɗan ƙanƙanin dutse, kwatz, wanda aka yanka shi da baki biyu. Idan lantarki ya ratsa shi sai ya kama karkarwa sau 32,768 a kowane sakan. Wata 'yar na'ura ce ke raba wannan adadi gida biyu, ta sake rabawa, har sau 15, sai ya koma bugu ɗaya a sakan. Wannan bugun ne ke tura ɗan motar da ke juya hannayen agogon, shi ya sa za ka ga hannun sakan yana tsalle ɗaiɗai.

Na otomatik ba shi da batir sam. Ƙarfinsa yana cikin wani dogon siririn sifirin ne da ke nannaɗe a cikin ɗan gwangwani. A bayan injin akwai wani ƙarfe mai nauyi, rabin da'ira, da ke lilo duk sanda ka motsa hannu, lilon nan shi ke ɗaure sifirin. Sifirin yana warwarewa a hankali, yana tura jerin giya, wani ɗan wili mai kai da komo kuma yana tsare shi kada ya warware gaba ɗaya. A yawancin agogon zamani wilin yana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau takwas a sakan, shi ya sa hannun sakan yake tafiya sulɓi kamar ba ya tsayawa. Wani Baturen Ingila mai suna John Harwood ne ya fito da agogon hannu mai ɗaure kansa a shekarun 1920, sannan Rolex ya kawo ƙarfen da ke zagayawa gaba ɗaya a 1931, tsarin da kusan kowa ke bi yau.

Akwai ɗan tarihin da zai taimaka maka ka gane dalilin da ya sa wasu ke yi wa mai batir kallon raini. Ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na kwatz na farko da aka kai kasuwa, a kan yen 450,000, kuɗi mai nauyi ƙwarai a lokacin. Cikin 'yan shekaru fasahar ta yi araha, ta kusa durƙusar da masana'antar agogo ta ƙasar Suwizalan, inda ma'aikata suka ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na hakan a shekarun 1980. Kamfanonin da suka tsira sai suka daina gasa a kan daidaito, suka koma tallata injin sifirin a matsayin aikin gwaninta da kayan gado. Tallan ya ci, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Amma kada ya sa ka ji kunyar sayen mai batir. Rolex da kansa ya yi mai batir, Oysterquartz, daga 1977 har zuwa farkon shekarun 2000, Patek Philippe da Cartier kuma suna yin masu batir har yau.

Mataki na biyu: ka ƙirga kwanakin da agogo ke yi a hannunka

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin ka je ko'ina, ka ɗauki mako biyu kana lura da kanka da agogon da kake da shi yanzu, kowane iri ne. Kullum kake ɗaura shi, ko kwana biyar a mako? Kana cire shi da zarar ka shiga gida? Kana da wasu agogunan da kake canzawa da su? Aikinka na zirga-zirga ne, ko na zama a kan tebur daga safe zuwa yamma?

Dalilin tambayar shi ne, otomatik yana da iyakar awannin da zai yi yana tafiya bayan an ajiye shi. Tsofaffin injina da suka yi suna, irin ETA 2824, suna riƙe kimanin awa 38. Injinan Rolex da Tudor na yanzu suna kaiwa wajen awa 70, Powermatic 80 da ke cikin Tissot da 'yan uwansa kuma awa 80. Yanzu ka yi lissafi: wanda ya cire agogonsa da yammacin Juma'a bai sake ɗauka ba sai safiyar Litinin, ya ajiye shi fiye da awa 60. Mai awa 38 ya mutu tun ranar Lahadi. Mai awa 70 zai kai, amma da sharaɗin ya cika kafin a ajiye shi, kuma a nan ne masu aikin zama ke shan mamaki. Hannun da ya wuni a kan allon kwamfuta ba ya yi wa ƙarfen nan lilon kirki, sai agogon ya wuni rabi-rabi, ya kwana biyu ya tsaya, mai shi ya ce ya lalace.

Tsayawar ba ta yi wa agogon komai. Wahalar taka ce: ka kwance maɓallin gefe, ka murɗa, ka saita awa, ka saita kwanan wata, duk a lokacin da kake sauri. Wani yana jin daɗin wannan ɗan aikin, yana ɗaukarsa hira da agogonsa. Wani kuwa bayan karo na uku zai jefa shi a durowa. Ka faɗa wa kanka gaskiya wanne ne kai a ciki. Akwai akwatin lantarki da ke juya agogo idan ba a hannu yake ba, amma ni ban ga hikimar sayen na'ura mai cin wuta don ta yi wa agogon da aka yaba don ba ya buƙatar wuta hidima ba, sai dai idan agogon mai kalanda ce mai wuyar saiti.

Idan agogo ɗaya za ka riƙa ɗaurawa kwana shida ko bakwai a mako, otomatik ba zai dame ka ba. Idan kuwa kana da uku ko huɗu kana zagayawa da su, ko sai za ka fita muhimmin wuri kake ɗaurawa, mai batir ya fi maka, domin duk ranar da ka ɗauko shi za ka same shi a kan lokaci.

Mataki na uku: sakan nawa za ka iya yafewa?

Ga alƙaluman, don ka daina auna su da zato. Agogon batir na yau da kullum yana kuskuren kimanin sakan 15 a wata. Otomatik mai takardar shaidar COSC, hukumar Suwizalan da ke gwada inji tsawon kwana 15 a yanayin ajiya biyar da matakan zafi uku, an yarda masa ya yi baya da sakan 4 ko ya yi gaba da sakan 6 a rana. A rana fa, ba a wata ba. Rolex ya ɗaure kansa da sakan 2 gaba ko baya a rana, Omega mai shaidar Master Chronometer kuma daga sifili zuwa gaba da sakan 5. Agogon da ke gaba da sakan 5 kullum zai tara minti biyu da rabi a wata, kuma lafiyarsa ƙalau. Wanda ba shi da wata shaida zai iya yin sakan 10 zuwa 20 a rana kamfanin ya ce yana cikin ƙa'ida.

A ɓangaren masu batir na alfarma kuwa lissafin da shekara ake yinsa. Injin 9F na Grand Seiko, wanda ya fito a 1993, sakan 10 ne a shekara. Longines Conquest V.H.P. sakan 5 a shekara. Citizen ya fitar da Caliber 0100 a 2019 mai kuskuren sakan ɗaya tak a shekara. Abin da ya raba irin waɗannan da masu araha shi ne suna auna zafin da ke cikin agogon su gyara lissafinsu, domin zafi da sanyi su ne ke sa dutsen kwatz ya ɗan kauce.

Idan kai mai daidaita agogo ne da wayarka sau ɗaya a mako biyu ba tare da ka ji komai ba, wannan matakin bai hana ka otomatik ba. Idan ganin minti ɗaya ya goce yana ci maka rai, to ka riga ka samu amsarka.

Mataki na huɗu: ina hannunka ke shiga?

Abu uku ke cutar da agogon kullum: bugu, maganaɗisu da ruwa.

Bugu ya fi yi wa otomatik illa, saboda ƙananan sassa masu motsi da ke cikinsa sun haura ɗari, kuma ƙafar wilin nan siririya ce ainun. Akwai kariya a jikinta, amma faɗuwa ɗaya a kan daɓe mai tauri tana iya sa agogon ya fara gudu ko ya tsaya. Mai aiki da guduma ko injin da ke jijjiga hannu, da mai wasan da ake dukan ƙwallo da ƙarfi, mai batir ya fi masa kwanciyar hankali.

Maganaɗisu kuwa shi ne ɓoyayyen abokin gaba, don yanzu ko'ina akwai shi: murfin kwamfutar hannu, lasifika, maɓallin jaka, bayan wasu wayoyi, ƙofar firji. Idan ya kama wani siririn sifirin na daban da ke cikin wilin, sai zagayensa su manne da juna, agogon ya kama gudu, wani lokaci har mintuna a rana. Gyaransa ba wuya, mai gyara zai ɗora shi a kan na'urar cire maganaɗisu, cikin ɗan lokaci ya dawo daidai. Amma idan ka san kana wuni a cikin kayan lantarki, ka nemi wanda sifirinsa na silikon ne ko wani ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa. Na Omega masu shaidar Master Chronometer an gwada su har gaus 15,000 (gaus shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), alhali ƙa'idar da aka saba ba ta wuce kimanin gaus 60 ba. Mai batir yana iya tsayawa kusa da maganaɗisu mai ƙarfi, amma galibi da an janye shi zai ci gaba, saiti kawai zai buƙata.

Ruwa ba ruwansa da irin injin. Abin dubawa shi ne lambar da ke jiki: mita 30 na fantsalin wanke hannu ne da yayyafi kawai, ba na iyo ba. Don agogon kullum ka nemi mita 100, kuma ya fi kyau maɓallin gefensa ya zama mai ɗaurewa kamar noti. Abu ɗaya da masu batir ke mantawa: duk sanda aka buɗe bayan agogo don canza batir, an taɓa zoben robar da ke tare ruwa. Ka sa a duba robar, a kuma gwada matsi kafin ka karɓa.

Mataki na biyar: ka lissafa hidimar shekara goma

Otomatik yana da mai a gaɓoɓinsa, man kuma yana bushewa ko ana amfani da agogon ko ba a yi. Sabis ɗinsa shi ne a warware injin gaba ɗaya, a wanke, a canza abin da ya cinye, a sa sabon mai, a haɗa, a daidaita. Omega yana ba da shawarar a yi haka duk shekara 5 zuwa 8, Rolex kuma kimanin duk shekara 10. Aiki ne mai tsada, kuma agogon yakan yi makonni, wani lokaci watanni, ba ya hannunka. Idan yana da ƙarin ayyuka kamar ma'aunin gudu, kuɗin ya ƙaru.

Mai batir yana son sabon batir duk shekara biyu zuwa biyar, gwargwadon injin. Da yawansu suna yi maka gargaɗi: hannun sakan zai fara tsallake sakan biyu ko huɗu a lokaci guda. Da ka ga haka ka kai shi, kada ka jira ya mutu, kuma kada ka taɓa barin mataccen batir a ciki ka ajiye agogon shekara da shekaru. Batir yana yoyo, ruwansa yana cinye na'urar, kuma wannan ita ce hanyar da agogon batir masu tsada suka fi mutuwa.

Don haka kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa abu uku: nawa ne cikakken sabis na wannan samfurin a yau, a ina ake yinsa, kuma kwana nawa yake ɗauka. Idan sai an tura agogon wata ƙasa, ka sa wannan a lissafi. Ka kuma duba garanti. Rolex da Omega suna ba da shekara biyar, wasu biyu kawai.

Mataki na shida: za ka sayar wata rana, ko za ka bar wa 'ya'ya?

A nan otomatik ya fi ƙarfi. A kasuwar na hannu an fi nemansa, kuma injin sifirin ƙwararren mai gyara zai iya raya shi bayan shekara hamsin, ko da sai ya ƙera abin da ya karye. Mai batir kuwa idan na'urarsa ta ƙone kuma kamfanin ya daina yin irinta, gyara na iya gagara. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka ka ɗauki agogo a matsayin jari. Samfura ƙalilan ne na kamfanoni ƙalilan ke riƙe darajarsu. Sauran, masu batir da na otomatik duka, suna faɗuwa tun ranar da suka bar kanti.

Mataki na bakwai: ka leƙa na tsakiya kafin ka yanke

Akwai masu cin haske, waɗanda ke cajin kansu ta fuskar agogon. Eco-Drive na Citizen ya fi shahara, kuma da yawansu idan sun cika suna yin wata shida a duhu. Cartier ya sa irin wannan a Tank Must SolarBeat a 2021, yana cewa zai yi kimanin shekara 16 kafin a canza ma'ajiyar wutar. Sai kuma Spring Drive na Seiko, wanda ya fito kasuwa a 1999: sifirin ke ba shi ƙarfi, ba batir, amma dutsen kwatz ne ke tsare masa lokaci, kuskurensa kimanin sakan ɗaya a rana, hannun sakan ɗinsa kuma yana zamewa ba bugu ko kaɗan. Shi ma yana tsayawa idan an ajiye shi, kuma gyaransa sai kamfanin.

Ra'ayina shi ne, mutumin da ke son kyakkyawan agogo don ya ɗaura ya manta da shi, ya sayi mai batir na ƙwarai ko mai cin haske, ya zuba sauran kuɗin a kan kyan jiki da sarƙa mai daɗin ɗaurawa. Otomatik na wanda injin kansa ke burge shi ne, wanda zai juya bayan agogon ya tsaya kallon wilin yana bugawa. Wanda ya saya don kawai an ce shi ne na manya, shi ne yake fara gajiya da shi.

Mataki na takwas: a gaban kanta

Gani ya kori ji, don haka kada ka saya daga hoto idan da hali. Ka ɗaura shi, ka bar shi a hannu na 'yan mintuna, ka lanƙwasa wuyan hannunka ka ji ko maɓallin yana sukar ka. Ka ja hannun rigarka a kansa. Otomatik yakan fi kauri da nauyi saboda ƙarfen lilon da ke bayansa, abin da ba ka ji a minti biyar kuma za ka ji shi a awa goma. Ƙahonnin da ke riƙe sarƙa kada su zarce faɗin hannunka.

Idan mai batir ne, ka kafa wa hannun sakan ido na minti guda cur, ka ga ko yana sauka daidai kan layukan. A agogo mai tsada bai kamata ya riƙa faɗawa tsakaninsu ba, kuma idan ka gani yau za ka riƙa ganinsa kullum. Idan otomatik ne, ka murɗa maɓallin ka ji ko yana tafiya sumul ba ƙaiƙayi, ka kai shi kunne ka girgiza a hankali. Ƙarar lilo kaɗan ba laifi ba ce, amma ƙarar gogayya laifi ce. Ka tabbatar gilashin na saffaya ne, don shi ne ba ya saurin ƙarcewa. Idan na hannu za ka saya, ka nemi takardunsa, ka gwada lambar jikinsa da ta katin garanti, ka tambayi ranar sabis na ƙarshe. Jabun yanzu ido kaɗai ba ya gane su, sai an buɗe baya a gaban wanda ya san injin.

Mataki na tara: makon farko a gida

Idan otomatik ka ɗauka, ka cire shi daga hannu kafin ka taɓa maɓallin, don kada ka lanƙwasa sandarsa. Ka murɗa sau 30 zuwa 40 ya cika. Ba ya tsinkewa don yawan murɗi, an yi masa hanyar zamewa. Kada ka canza kwanan wata idan hannayen suna tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba, domin a lokacin haƙoran da ke juya kwanan sun riga sun kama aiki, tilasta su na iya karya su. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kai hannayen ƙarfe shida da rabi, ka sa kwanan jiya, sannan ka juya hannayen gaba har kwanan ya faɗa na yau. Ta haka ka san ka shiga safiya, sai ka ci gaba zuwa lokacin da ake ciki. Ka ɗaure maɓallin sosai bayan ka gama.

Daga nan ka daidaita shi da agogon wayarka, ka riƙa rubuta bambancin kowace safiya har kwana bakwai, ka raba jimillar gida bakwai. Idan ya wuce abin da kamfanin ya yi alƙawari, ka mayar tun garanti na aiki a daidaita maka. Idan kaucewar kaɗan ce, ka gwada canza yadda kake kwantar da shi da dare: sau da yawa idan fuskarsa na kallon sama yakan ɗan yi gaba, idan an jingine shi a gefe yakan ɗan yi baya, don haka kwanciyar dare tana iya goge kuskuren rana. Kowane agogo da halinsa, sai ka gwada naka.

Mai batir kuwa saiti ɗaya ya ishe shi. Ka rubuta watan da ka saya a jikin katin garanti, domin batirin da ya zo da shi tun daga masana'anta yake aiki, yana iya ƙarewa kafin lokacin da aka faɗa maka.